Kowa da Irin Haɗin Wayarsa

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, tsofaffin kekunan da ke jingine a zaure suka fara samun daraja. Sai ka ga mutum ya sayo tayar baya mai inji a cibiyarta, da batir, da totur, da ɗan akwatin nan da ake kira kwanturola, ya ce da hannunsa zai haɗa keken lantarki. Waɗannan duk kuɗi ke sayensu. Amma daga cikin kwanturolar akwai wayoyi da ke zubowa kamar taliyar da aka juye a faranti, kowace da launinta da bakinta, kuma a wurin haɗa su ne halin mutum ke fitowa fili.

Wanda aka fi yawan gani shi ne Malam Za-ta-yi. Kayan aikinsa biyu ne: haƙori da baƙin salatif. Da haƙori yake feƙe waya, ya murɗe biyu wuri guda, ya naɗe, ya buga sirdi ya ce, "Za ta yi." Wayar da ya ja daga batir kuwa ragowar wayar tsohuwar fanka ce. Ka ce masa injin wat 1000 a kan batir mai volt 48 yana jan amp fiye da 20, don haka yana buƙatar waya mai kauri, irin mai lamba 12, sai ya ce shi mai lamba 18 ya sa, ai ta fi. Ba ka da yadda za ka gamsar da shi cewa a ma'aunin waya na Amurka, ƙaruwar lamba sirancewa ce. Murɗin da bai kama sosai ba zafi yake tarawa, ga ranar Afirilu ta Kano tana narkar da gam ɗin salatif. Shi ya sa za ka gan shi a bakin titi ya tsuguna yana shinshina kekensa, yana tambayar masu wucewa ko wani ne ke ƙona leda.

Na gaba da shi mutumin kirki ne, laifinsa kawai yarda da mutane. Ya yi imani cewa launi ba ya ƙarya. Daga injin akwai manyan wayoyi uku, rawaya da kore da shuɗi, sai ƙanana biyar na na'urorin da ke gaya wa kwanturola inda juyin taya ya kai: ja da baƙi masu ɗauke da volt 5, da wasu rawaya da kore da shuɗin. Sai ya haɗa rawaya da rawaya, kore da kore, cikin natsuwa da bismilla. Ya murɗa totur, taya ta yi gurnani, ta yi karkarwa, ko kuma ta juya baya da gudu. Bai san masana'antar da ta ƙera injin da wadda ta ƙera kwanturolar ba su taɓa zama sun yi yarjejeniya a kan launi ba. Manyan ukun ana iya jera su hanya 6, ƙananan ukun ma 6, wato hanyoyi 36 ke nan, 'yan kaɗan ne daidai. Sai ya sayi littafin rubutu ya shiga gwaji ɗaya bayan ɗaya har azahar ta wuce. Alhali da yawa daga cikin kwanturoloji na yanzu suna da 'yan wayoyi biyu, galibi farare, waɗanda idan ka ɗaga taya ka haɗa su, akwatin da kansa zai lalubo tsarin, sannan ka raba su. Ranar da aka nuna masa wannan sirri, murna ta sa ya bar su a haɗe. Washegari ya kunna makulli a ƙofar gida, keken ya tafi kasuwa ba tare da shi ba.

Akwai kuma Sarkin Dalma. Wannan ya raina fulogi kowane iri, yana cewa aikin ragwaye ne. Komai sai ya narka dalma ya liƙe: batir da kwanturola, totur, birki, har kebul ɗin injin. A gaskiya aikinsa yana da kyau, yana sa robar nan da ke tsukewa idan ta ji zafi, babu abin da ke motsi. Ana yaba masa har ranar da ƙusa ta shiga tayar baya. Mai faci ya zagaya keken sau biyu ya ce, "Yallaɓai, ta ina ake cire tayar?" Babu ta inda ake cirewa. Haka za a kwantar da keken gaba ɗaya kusa da bahon ruwa, mutum biyu na riƙe, ana zaro tib ta gefe, shi kuma yana tsaye yana ihu kada a ja masa waya.

Kishiyarsa shi ne Alhaji Oda, wanda ya san sunan kowane fulogi a duniya. Bakinsa cike da XT60 da XT90 da Anderson da Julet mai hana ruwa shiga. Yana da akwati guda na ƙananan ledoji daga Sin. Matsalarsa ita ce duk abin da ya iso bayan makonni, sai a tarar namiji biyu aka turo, ko mace biyu, ko mai fil 3 alhali totur ɗinsa mai fil 6 ne, sai a sake oda. Ilimi dai yana da shi: daga bakinsa za ka ji cewa a ɓangaren batir ake sa macen fulogi, mai ɓoyayyun ramuka, domin batir kullum da wuta yake, makulli ko kwabo ya gitta tsakanin filoli biyu sai tartsatsi. Gaskiya ce tsantsa. Keken dai yana nan a rataye, kaji sun fara kwana a kan kariyarsa.

Mai tsoron tartsatsi ba ya cutar da kowa. Duk lokacin da zai sa batir sai ya miƙe hannu, ya kau da kai, ya runtse ido. Ƙarar "fas" ɗin da yake gudu kwandansojin kwanturola ne ke zuƙar wuta lokaci guda, kuma fulogin XT90-S, mai koren zane, don maganin wannan aka yi shi. An gaya masa. Ya ce ya riga ya saba.

Wanda ba na yi wa dariya sosai shi ne maƙiyin fis. Fis ya ƙone sau ɗaya, maimakon ya nemi dalili sai ya maye gurbinsa da ƙusa. Allon da ke tsare batir daga cika fiye da kima ko ƙarewa ƙarƙaf, ya cire shi, wai yana rage masa gudu. Batir ɗin kuwa tarin ƙwayoyin 18650 ne da ya farke daga matattun kwamfutocin cinya, kowace da shekarunta. Batir mai volt 36 a volt 42 yake cika, amma shi cajar maƙwabcinsa mai volt 54.6 yake ara, hujjarsa ita ce bakin ya shiga. Kuma a ɗakin da yara ke kwana yake caji. Wutar batirin litiyam ba ta jin bokitin ruwa ɗaya, tana lafawa ta sake tashi. Idan gidanku ɗaya da irin wannan mutum, ka kai ƙararsa wurin mai gidan tun da rana.

'Yan kallo ba sa ƙarewa. Mai gyaran janareta zai leƙo ya tambayi ina fulogin wuta. Wani dattijo zai ce a taɓa wayar da harshe a ji ko akwai caji. Kowa ya yarda "kwandansa ce", ko da kuwa makulli ne ba a kunna ba.

Can gefe kuma akwai mai mitar auna wuta. Ba ya magana da yawa, ba ya ba da labari mai daɗi, don babu abin da ya taɓa kama masa da wuta. Kafin ya cire fulogi sai ya ɗauki hotonsa da wayar hannu. Kowace waya ya manna mata takarda da suna. Kebul ɗin injin ya lanƙwasa shi ƙasa kafin ya hau da shi firam, don ruwan damina ya ɗiga ƙasa maimakon ya gangara cikin cibiyar taya. Ja da baƙin ma bai yarda da su ba sai ya auna. Duk waɗancan mutanen suna ce masa mai tsirfa, kuma duk suna zuwa aron mitarsa. Malam Za-ta-yi ne ya are ta na ƙarshe: ya bar jan tsinken a ramin auna amp, ya ɗora a kan batir kai tsaye, fis ɗin cikinta ya tashi. Ya dawo da ita bayan sallar isha'i a naɗe cikin leda, ya ce, "Maigida, wannan mitar taka fa jabu ce, ka koma su canza maka."