Yadda Za Ki Ƙera Motar Kara da Ɗan Shekara Uku, Tuwo Kuma Bai Ƙone Ba

Duk uwar da ke zaune gida da ɗan shekara uku a unguwar Zariya ta Maraɗi ta san wahalar da ke tsakanin hantsi da azahar. Manyan yara sun tafi lakkwal, mai gida ya hau babur ya nufi kasuwa, an ɗauke wuta, famfo yana ta huci babu ruwa, ga tukunya bisa murhu, ga wanki jiƙe cikin baho, ga kuma wani ɗan taliki riƙe da gefen zane yana maimaita tambaya guda: "Inna, mi za ni yi?" Shawarar da ake ba wannan baiwar Allah a rediyo da wajen awon jarirai ita ce ta zaunar da yaron su yi 'yan ƙere-ƙere tare. Shawara ce mai kyau, ina kuma goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Sai dai masu bayar da ita kan tsaya a nan, ba sa faɗin da me za a yi, a wane lokaci, da kuma hannun wa. Abin da nake so in tabbatar shi ne, kayan aiki ba su taɓa yi mana ƙaranci a ƙasar nan ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne babban mutum guda mai sukunin rabin awa.

Na ɗaya, 'yar'uwa, ki rufe bidiyon nan na waya. Kin san shi: tebur fari tas, takardu kala bakwai an jera, ƙyalƙyali cikin 'yan kwalabe, bindigar manne mai aiki da lantarki, da yaron da ke zaune shiru hannu a cinya har a gama. Cikin daƙiƙa arba'in an fitar da malam-buɗe-littafi. An yi wannan ne domin gidan da ba a ɗauke wuta, kuma an yanke duk wurin da yaron ya yi kuka. Ke kuwa kina da abin da ya fi shi. Ki ɗauki sillen karan dawa busasshe ki duba da kyau. In kika sa farce kika ɓare bayansa, zai fito siri-siri, mai ƙarfi, mai lanƙwasuwa. Farin cikinsa kuma, totuwa, taushi gare shi, yana karyuwa gunduwa-gunduwa. Ɓawon shi ne ƙusa, totuwar ita ce katako. A soka wannan cikin wancan, sai ga gado, sai ga tabarau, sai ga tirela mai hawa biyu irin masu ɗaukar kaya zuwa Ɗan Isa, ba manne ba guduma. Taya kuwa, tsohon silifas ne ake yanka shi zagaye, ko sakainar ƙwarya. Wanda ya fi son ƙarfe ga gwangwanin sardin da murafen kwalba. In lallai sai an manna wani abu, ragowar koko mai kauri ko ƙaro da aka jiƙa sun isa. Launi kuma yana madafa: ruwan zoɓo ja, bular wanki shuɗiya, gawayi baƙi, lalle ga mai haƙurin jira. Laka ce kawai sai an nemo. Tun bayan ambaliyar Gulbi ta 1945, da aka tayar da garin Maraɗi daga fadama aka mayar da shi kan tudu, unguwanni irin su Zariya a kan rairayi suke zaune, rairayi kuwa ba ya gina saniya, ko an kwaɓa shi da hawaye. Sai a yi sautu ga mai zuwa wajen Jiratawa, inda magina tukwane da tuluna suka san ramin da lakarsa ke da danƙo. Cikin roba guda ya ishi yaro shanu da raƙuma da 'yan tukwanen tuwon ƙasa na wata guda.

Na biyu, ki nemo almakashi. A nan ne yawancin ƙere-ƙeren gida ke mutuwa tun ba a haife su ba. Almakashi ba ya kwana inda aka ajiye shi. Ba ya cikin gwangwanin zare, ba ya ƙarƙashin katifa, ba ya bayan kwanonin jere. Tun shekaranjiya wata yarinya ta yi sallama ta ce, "Wai in ji Innarmu a ara mata almakashi, yanzu za a maido," kuma kowa ya san tsawon "yanzu" a bakin ɗan aike. Daga can ya wuce gidan da ake kitso, daga can ya wuce gidan da ake suna, ranar da zai dawo kuwa ya yi dakushin da ko zare sai ya tauna kafin ya yanke. Aro tsakanin maƙwabta alheri ne, ba na son a daina shi, domin shi ne ke riƙe da unguwa. Amma a ji tsoron Allah a dinga mayar da kayan mutane. Kada kuma rashin almakashi ya sa a ɗauko reza. Reza ba ta da wurin zama kusa da ƙaramin yaro, ɓawon karan ma kansa yana yanka yatsa, shi ya sa ɓarewa aikinki ne, sokawa aikinsa.

Sai akuya. Jar akuyar Maraɗi abar alfahari ce, fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, tana yawan haifar tagwaye, nononta ya raini yara da yawa, kuma ita ce asusun mata a gidaje masu yawa. Duk an yarda. Amma duk abin da na lissafa a sama, a wajenta abinci ne. Kara abinci, takarda abinci, koko da aka yi manne da shi kuwa walima. Ki shanya motar da aka sha wahala a kanta ki shiga ɗaki ɗauko gishiri, kafin ki fito ta cinye gaban motar tana kallonki ido cikin ido, tana tuƙa. Kukan da zai biyo baya sai an jiyo shi a bakin titi. Kaji su ma suna da nasu laifin wajen tattake shanun laka da ba su bushe ba, sai dai su aƙalla ba sa tsayawa kallon mutum.

Na uku, kada ki bari a ce miki wannan ɓata lokaci ne. Za a faɗa, domin mun saba ɗaukar wasan yara a matsayin abin da suke yi kafin su isa a aike su. Akwai hujja mai ƙarfi a hannunki. A shekarun 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin Jamaika, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 masu tsumburewa saboda ƙarancin abinci, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu daga cikinsu an riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin aka sake nemo yaran sun zama manya. Sakamakon da aka buga a mujallar Science a 2014, da sa hannun masanin tattalin arziki James Heckman, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba wata na'ura aka raba musu ba. Robobi ne da tsummoki da uwa mai magana da ɗanta. Yaron da ke ƙoƙarin soka ɓawo cikin totuwa yana horar da yatsun da gobe za su riƙe alƙalami a kan allo. Yana koyon dogo da gajere, yana ƙirga tayoyi, yana gane cewa in gefe guda ya fi nauyi mota za ta kife. Kowace kalma kuma da kika faɗa, "miƙo", "juya", "saura guda", tana shiga kansa tare da abin da take nufi a hannunsa.

Wani zai ce, to a saya masa ta kanti mana, ga su nan jibge a babbar kasuwa ranar Litinin da Juma'a, masu fitila da jiniya. A saya, ba haramun ba ne. Amma kowa ya ga ƙarshen motar Sallah: jika guda ko biyu aka zuba, kafin a gama yawon barka da Sallah taya ta fita, washegari jiniyar ta shaƙe, yaron kuma bai koyi komai ba sai danna maɓalli. Ta kara in ta karye, wanda ya ƙera ta ya san inda zai gyara. Ga kuma 'yan batura masu kama da maɓallin riga da ke cikin irin waɗannan kaya, waɗanda in yaro ya haɗiye suna iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan awoyi. Wani kuma zai ce a miƙa masa waya a huta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a yini. Shawarar daidai ce. Sai dai ba zan ga laifin matar da ke tuƙa tuwo, da goyo a baya, da wani yana kuka a gabanta, don ta miƙa waya ta samu ta sauke tukunya lafiya ba. Wanda ya isa ya yi mata faɗa shi ne wanda ya zo ya karɓi yaron.

Kafin a kai ga na huɗu, dole a tsaya kan maganar nan da ke ƙona rai: "Ai ba ta aikin komai, zaman gida take." Wane zama? Wadda ta tashi tun assalatu ta hura wuta, ta yi shara, ta yi wa yara wanka, ta tare ruwa in ya zo da tsakar dare, sannan ta zauna soya awara ko murza ƙuli-ƙuli ko dama fura ko kwaɗon zogalen Jiratawa na sayarwa, domin kuɗin cefane ba ya kai ƙarshen yini? Tun a 1969 Polly Hill, wadda ta zauna Ɓatagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan irin cinikin da matan Hausawa ke yi daga cikin gida ba tare da an gan su a kasuwa ba, har yau kuwa ana nan ana kiran masu wannan aiki marasa aiki. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna mace a Nijar kan haifi yara 7.6 a matsakaici, jihar Maraɗi kuma tana sama da hakan. Ma'ana, mai ɗan shekara uku galibi tana da na goye, wata ma da wani cikin. Wannan ce ake so ta shimfiɗa tabarma ta zauna cikin natsuwa tana yanka tayoyi. A Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan bakin Gulbi, ba uwa ce ke koya wa yaro motar kara ba. Yayyensa ne da 'ya'yan maƙwabta, a gindin bedi ko a bakin rumbu bayan girbi, ƙarami yana miƙa kara, babba yana ƙerawa, har ranar da ƙaramin zai ce a bar shi ya gwada. 'Yar tsana kuwa wajen kaka ake koyon yi mata kitso da zare da ɗaura mata ƙyalle. A sababbin unguwannin birni mun ja katanga, mun sa ƙofar ƙarfe, kaka tana ƙauye, yayye suna lakkwal safe da maraice, tsoron babura ya hana a bar yaro ƙofar gida. Aikin da unguwa guda ke yi da can, an tattara shi an aza wa mace guda, ana kuma mamakin ta gaji.

Saboda haka sauran shawarwarin ba naki ba ne ke kaɗai. Na huɗu, abin kiyayewa dai kaɗan ne: yaron da bai kai shekara uku ba kada a ba shi abin da zai shige baki ko hanci, irin wake da dutsen ado da murfin kwalba, bakin gwangwani a daddaƙe shi da dutse ya kwanta, kwalbar da ta taɓa ɗaukar piya-piya ko wani maganin ƙwari ba ta zama abin wasa ko an wanke ta sau goma, laka ta fito daga fadama, ba daga bakin kwata ba, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Motar kuma za ta fito a karkace, shi da kansa zai take ta kafin magariba don ya ga abin da ke ciki. A bar shi. Kada a karɓe aikin daga hannunsa don ya yi kyau, ba gasa za a kai ba.

Malam mai gida, kai ma ka ƙera irin wannan mota kana yaro, har da tuƙa ta da dogon kara kana yi mata kukan inji da baki, kuma hannunka bai manta ba. In ka bi hanyar Tibiri bayan girbi, ka tsaya ka roƙi ɗaurin kara guda ka ɗaure a bayan babur, ba wanda zai hana ka. Ka dawo gida bayan la'asar kafin ka wuce fada wajen shayi, ka ajiye waya a ɗaki, ka zauna ƙasa da ɗanka rabin awa, uwarsa ta samu ta yi wanka ba mai buga mata ƙofa. Kafin ku fara, ka ɗaure akuya.