Cigiyar Ƙwayar Shinkafa a Wuyan Kawu

Kawuna manomi ne a Rawayau, tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, kuma ya daɗe yana fama da ciwon da aka rasa sunansa. Ƙasusuwa na ciwo, ciki ya ɗaure, ƙishirwa ba ta yankewa, dare kuma ya ƙare a zaryar fitsari. An sha jiƙon shawara, an sha na basir, wanzami ma ya leƙa bakinsa ya ce beli ne. Sai da tsakuwar ƙoda ta durƙusar da shi a gona aka kai shi Katsina, gwajin jini ya nuna kalsiyam ya yi masa yawa. Likita ya ce tushen abin a wuya yake.

Kawu ya shafa wuyansa. "Likita, mu a danginmu ba a maƙoƙo."

Ba maƙoƙo ba ne kuwa. Bayan halittar nan da in ta kumbura ake ce mata maƙoƙo, akwai 'yan ƙwayoyi huɗu, kowace kamar ƙwayar shinkafa, waɗanda likitoci ke kira paratayiroyid. Su ke daidaita kalsiyam a jini. In ɗaya ta yi girman kai, sai ta sa ƙashi ya riƙa zubo nasa cikin jini, ƙoda ta kwana a ciki. A wajen mutum takwas cikin goma, ƙwaya ɗaya ce tak mai laifin, maganinta kuma a cire ta. Aikin shi ne a san wacce, kuma a ina ta maƙale.

Ni aka haɗa da rakiya, don an ce na yi boko. Da na gaya masa cewa a jikin karkanda aka fara ganin ƙwayar, lokacin da Richard Owen ya feɗe wadda ta mutu a gidan namun daji na Landan wajen 1850, sai ya gyara zama ya ce ashe ciwon manya ne. Labarin Kyaftin Charles Martell ne bai yi masa daɗi ba. Matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Amurka, sau shida ana buɗe wuyansa ba a ga mai laifin ba. Shi da kansa ya duƙufa karatun littattafan likitanci, ya nace a duba ƙirjinsa, a can kuwa aka same ta a aiki na bakwai, a Boston, cikin 1932. Kawu ya ƙirga shida da yatsunsa, ya ce a mayar da shi wurin wanzami.

Hoton farko sikanin ne. Kawu da rawaninsa ya sami kansa a benci ɗaya da masu juna biyu, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da aka shafa masa man nan mai sanyi a maƙogwaro, ma'aikaciya ta ƙura wa allo ido, sai ya kasa haƙuri: "'Yata, mace ce ko namiji?" Ba a ga ko ɗaya ba. Sikanin ba ya hango abin da ya ɓuya bayan maƙoshi ko ya gangara ƙirji.

Aka tura mu hoton da ake kira sestamibi, a sashen nukiliya. Wuraren da ake yin sa a Najeriya ba su da yawa, sai irin su Ibadan da Abuja. Kalmar nukiliya kaɗai Kawu ya ji. Daren tafiya ya tara iyali ya faɗi bashin da ake bin sa, wanda yake bi kuwa ya maimaita sau biyu.

Dabarar tana da ban sha'awa. Ana yi wa mutum allura a jijiya da wani sinadari mai ɗan tururi, teknishiyam. Da halittar maƙoƙo da ƙwayar mai laifi duk sukan sha shi, amma ta farkon kan saki nata da wuri, mai laifin ta riƙe. Don haka hoto biyu ake ɗauka, ɗaya bayan kamar minti 15, ɗaya bayan kamar awa biyu, wanda ya rage yana haske shi ake nema. Tururin kuma ba ya jira, duk awa shida rabinsa ke tafiya.

An ɗauki na farko lafiya. Na fita sayo ruwa, na dawo babu Kawu.

Na duba masallaci, na duba banɗaki, na tambayi masu gadi ko sun ga dattijo mai rawani da auduga a hannu. Mun zo cigiyar ƙwaya, ga ni ina cigiyar mai ƙwayar. A rumfar wata mai tuwo na tarar da shi, shi kaɗai a kan benci, sauran jama'a na cin nasu a tsaye daga nesa. An ce masa ne ya ɗan nisanci jarirai da masu ciki na wuni guda, shi kuwa ya sanar da kowa cewa nukiliya aka ɗura masa. Mai tuwo ta ce ya bar kuɗin, Allah ya ba da lafiya.

Da ƙyar muka cim ma hoto na biyu. Ɗigo ɗaya ya fito fes, ƙasa ta hagu. Likitan fiɗa ya yi 'yar tsaga daidai wurin, ya ciro ta.

Kwana biyu bayan aikin leɓensa ya fara tsatstsafa, don ƙasusuwan da aka daɗe ana tatsa sun shiga zuƙe kalsiyam daga jini. Aka rubuta masa ƙwayoyi. Ya tambaye ni na mene ne, na ce kalsiyam.

"Wanda suka ce ya yi mini yawa?"

Na ce shi.

Ya juya takardar kuɗin, ya dube ta da kyau. "To da suka kwashe nawa, nawa suka biya ni?"