Lambar Sirrin da Duk Unguwa Ta Sani

Mu dai akwai mu da son sirri. Gidanmu sai an bi ta zaure, an yi sallama, an aika yaro ya dubo ko maigida na ciki. Ka tambayi mutum buhu nawa ya noma bana, sai ya ce maka "alhamdu lillahi" ya ja bakinsa ya tsuke. Amma wannan mutumin ne zai tsaya gaban mai POS a bakin titi, ya miƙa kati, ya ɗaga murya saboda ƙarar babura: "Sa ɗaya, tara, bakwai, biyar!" Yaron ya ce bai ji ba, ya maimaita. Mai rake ya ji, mai faci ya ji. Lambar kuma shekarar haihuwarsa ce.

Ba wai bai iya dannawa ba ne. Kunya ce. In ka karɓi na'urar ka sa tafin hannu ka kare, ai ka kira yaron mutane ɓarawo ke nan, alhali ubansa ne ke jan mu salla in liman ya yi tafiya. Tun canjin kuɗi na farkon 2023, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, mai POS ya zama bankin unguwa. Akwai dattijon da katinsa ke kwana a wajen yaron, sai dai ya aika jika a ce "Baba ya ce a ba da dubu biyar."

Haka muke da mai gyaran waya. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kafin a taɓa maka komai za a ce, "Alhaji, cire makullin." Ka cire, ka tafi sallar azahar, ka bar masa hotunan iyali da saƙonnin banki da duk wata magana da kuka yi da surukinka a kan rabon gado. Yawancinsu masu amana ne, Allah Ya saka musu, amma amanar nan ba wanda ya auna nauyinta kafin ya ɗora.

Ku tuna Disambar 2020, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN, zamanin Pantami yana minista. Muka yi sammako, muka yi layi cikin korona, muka ba da zanen yatsu goma da hoton fuska. Da takardar ta fito sai muka kai ta shagon hoto aka buga mana kwafi biyar, wanda bai fito sosai ba aka jefa kwali, daga can ya zarce wajen mai ƙosai. BVN kuwa, da Babban Banki ya kawo tun 2014, a bayan kalanda take a rubuce, duk lambobin goma sha ɗaya.

Shi ya sa ɗan damfara ba ya shan wahala da mu. Ba ya buƙatar fasa kwamfutar kowa. Zai kira da ladabi, ya ambaci cikakken sunanka da ranar haihuwarka, ya ce daga banki ne, za a rufe asusu yau, amma an turo maka wasu lambobi, karanto su a gyara. Banki ba ya tambayar waɗannan lambobin, kowa ya sha ji a rediyo. To amma mutum ya gaishe ka, ya tambayi iyali, yaya za ka kashe masa waya a kunne? Na WhatsApp ma haka yake zuwa: wai akwai taron ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da daddare, karanto lamba shida da ta shigo a sa ka ciki. Kafin la'asar yana can yana roƙon ƙanwarka dubu hamsin da sunanka, wai zuwa gobe. Akwai makulli na biyu a cikin manhajar da ke toshe wannan hanya, ba ya cin minti biyu. A majalisarmu mai shayi kaɗai ya sa.

In aka sace waya kuma, kukan wayar muke yi, ɓarawon kuwa layin yake so. Ya zare shi ya sa a wata, ya danna *565*0#, BVN ta fito masa. Layin ma ana iya sa masa lambar kullewa, sai dai in ka faɗa a majalisa za a ce ka cika ƙaƙale.

Sai masu tallafi. Kowane mako akwai wanda zai turo cikin guruf ɗin masallaci: gwamnati na rabon jari, cike sunanka da NIN da lambar asusu, ka tura wa mutum ashirin. Mai turowa da kyakkyawar niyya, har da "kada ka ci kai kaɗai." Manhajojin bashi kuwa kafin su ba ka sisi sai ka yarda su kwashe duk lambobin wayarka, ranar da ka makara liman da surukarka su sami saƙo. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a Maris ɗin 2022. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, a Yulin 2024 aka ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Mun ji a labarai, muka ce Allah Ya ƙara, muka koma muka ɗora hoton takardar sakamakon jarrabawar yaro, da sunan makaranta da komai.

Mutum ɗaya muke yi wa tsaron gaske, ita ce uwargida. Saboda ita ake canza zanen makullin waya duk Juma'a, saboda ita ake kifa waya in za a shiga wanka. Ita kuwa ko tambaya ba ta yi. Autan gidan da ke karɓar wayar ya yi wasan mota ya haddace zanen tuni, kuma alawar naira hamsin ta ishe shi.