Wace Ce Jummai?

Mu Haɗejawa akwai mu da wani hali, ba ma iya jin waƙa mu bar ta a waƙa, sai mun tono wadda aka yi wa ita. A kunna Haruna Uji a teburin mai shayi, ko a waya a bakin kasuwar kifi, kafin gurmin nan mai tsirkiya biyu ya gama gyara murya, gardama ta kaure: wace ce Jummai, a wace unguwa Balaraba take? Dattijo zai rantse gidansu na kallon gidan kakarsa, na kusa da shi ya ce haba Alhaji, 'yar Malam Madori ce, masuncin da ya taso daga Guri da kwalin banda ya sauke kaya ya ce duk a saurara, tasu ce. Kuma kowa da gaskiyarsa, tunda duk yarinyar da aka haifa ran Juma'a Jummai ce, ta Laraba kuwa Balaraba. Wane gida ne a fadamar nan babu ko ɗaya?

An haifi Uji a 1946, ya rasu a 2003, Allah ya jiƙansa, amma har gobe muna bincikar zuciyarsa kamar jiya ya tashi daga majalisa. Ko Mu'azu Haɗeja da ya rasu tun 1958 bai tsira ba. Ya rubuta Waƙar Giya don wa'azi, mu kuwa ana karantawa muna satar kallon juna, wai da wa Malam yake.

Ga mu kuma da kunya. Magidanci sai ya shekara talatin bai kira sunan matarsa a gaban jama'a ba, daga "uwar yara" sai "mai ɗakina", ita ma daga "Malam" sai "maigida". To bari ya shiga gonar shinkafa, ruwa iya gwiwa, ko ya tura kwalekwale cikin kacalla inda yake zaton ba kowa, sai ka jiyo Jummai na tashi da ƙarfi har tsuntsaye su watse. Tasa yake kira, ko wadda aka ba wani tun yana saurayi, ko wadda ya baro a gida tana tuƙa tuwo. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji masu magana, mu namu a tambayi gurmi. Abin da bakinmu ya yi wa nauyi shi Uji ya ɗauka ya faɗa a fili, ya kama suna, bai ɓoye ba, kuma wallahi ina ganin girmansa a kan haka.

Iyayenmu mata ma suna ciki. Gwaggona, haihuwar Juma'a ce, kullum faɗa take wai waƙar 'yan tasha ce, a kashe mata rediyo. In ka miƙa hannu sai ta ce, "Kai ɗan nan, rage dai na ce."