Zuwa ga Sarkin Kalolin Zazzau

Bazazzage bawan Kanawa, barka da war haka, ko da yake a ƙa'ida kai ya kamata ka hau mota ka zo ka durƙusa ka gaishe ni. Labari ya iso mana har Kasuwar Kurmi cewa ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, ka sauke Canva, ka sa an buga maka kati, a ƙasan sunanka an rubuta wai ƙwararre a zanen bayanai. Masha Allah! Allah ya sanya albarka, ya kawo kasuwa. Sai dai aikin da ka turo min ta WhatsApp kana neman yabo, tun da na buɗe shi idona ke ruwa.

Bari in gaya wa jama'a abin da ka aikata. Ƙananan hukumomin Kano 44 ka tattara ka cusa cikin da'ira guda, ka yayyanka ta gida 44, kowane yanki da kalarsa. Ga ruwan hoda, ga ruwan goro, ga ruwan ƙwai, ga ruwan toka, ga shuɗi iri huɗu da ko marinan Ƙofar Mata sai sun kira taro kafin su bambance su. Sunayen kuma ka tura su can gefe da rubutu 'yan mitsi-mitsi. Na yi ta ware yatsu a kan waya ina neman Dala, na ce alhamdu lillahi na same ta, ashe Doguwa ce. Na san dai manufarka: ka rikita Kano don kada a lura Kaduna 23 kacal gare ta. To, an lura.

Abin haushin ma, daga Zariya ka fito. Garin da a 1958 su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane da ta girgiza fasahar Najeriya, tun kafin a buɗe ABU a 1962. Iskar Samaru kawai da ka shaƙa ya ci a ce ta gyara maka ido. Amma ba komai, ɗan Zage-zagi, zauna in karantar da kai kyauta, duk da ka san Bakano bai saba ba da kaya kyauta ba.

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki biro ka rubuta jimla ɗaya: me nake so mai kallo ya tafi da shi? In jimlar ta ƙi fitowa, rufe kwamfutar ka je ka sha shayi, ba ka da labari tukuna. In ta fito, ita za ta zaɓa maka siffa. Kana son a ga wa ya fi wa? Jera sanduna daga doguwa zuwa gajera, don ido ya fi gane tsawo a kan faɗin yanki. Kana son a ga yadda farashin buhun shinkafa ke hawa da sauka wata bayan wata? Ja layi. Da'ira kuwa ta rabon abu ɗaya ce gida uku ko huɗu, kuma dole kason ya haɗu ya ba da 100. Naka na danna a kalkuleta ya ba ni 112. Ko a Zazzau ɗari takan haihu ne?

Duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Wani mutumin Sikotilan, William Playfair, ya fitar da zanen sanduna a 1786, na da'ira kuma a 1801. Ka ga kayan aikin sun haura shekara 200, ba kai ka ƙirƙiro su a Tudun Wada ba.

Na san abin da za ka ce, don bakinka ba ya mutuwa: ai Florence Nightingale ma zagaye ta zana. Gaskiyarka, kuma na yaba da ka san sunanta. Amma duba abin da matar nan ta yi. Ta yi jinyar sojojin Ingila a asibitin Scutari lokacin Yaƙin Kirimiya, ta ga da idonta abin da ke kashe su. A 1858 ta fitar da zanenta: kowace da'ira yanki 12, wata ɗaya yanki ɗaya, kala uku rak. Shuɗi na waɗanda cututtukan da za a iya kauce musu suka kashe, ja na waɗanda raunin fagen daga ya kashe, baƙi na sauran dalilai. Da kallo ɗaya sai ka ga shuɗin ya haɗiye jan. Ƙazanta da rashin tsabtar asibiti da bariki sun fi harsashi ɓarna, kuma manyan gwamnati da ba su da lokacin karanta tulin alƙaluma suka gani ba tare da an yi musu tafsiri ba. Kowace kala a wurinta aiki take yi. Kai kuwa naka kalolin sun zo biki ne.

Ko ka ɗauki Charles Minard na Faransa, wanda a 1869 ya zana tafiyar rundunar Napoleon zuwa Rasha ta 1812. Zare mai kauri ya tashi da sojoji 422,000, yana tafe yana sirancewa har Mosko, ya juyo baƙi siriri, a ƙasansa an nuna tsananin sanyin hanya, ya iso gida da 10,000. Ba hoton doki, ba hoton bindiga, amma in ka bi zaren da yatsa sai jikinka ya yi sanyi. Da kai aka ba aikin, na rantse da ka manna hoton Napoleon yana murmushi a tsakiya, ka kewaye shi da furanni.

Saura maganar amana, a nan kuma ka buɗe kunne. A ƙidayar 2006 Kano na da mutum kimanin miliyan 9.4, Kaduna kimanin miliyan 6.1. In na fara sandunana daga sifili, ta Kaduna za ta kai kusan kashi biyu cikin uku na ta Kano, wanda shi ne gaskiya. In kuwa na yi wayo na fara daga miliyan 6, Kano za ta tokare sama, Kaduna ta koma ɗan ɗigon da sai an sunkuya a gan shi. Wallahi raina na so in zana hakan in rataye a shago. Amma ƙarya ce, ko da kuwa kowane adadi da ke jiki daidai ne. Sanda daga sifili take farawa. Ka ga har Bakano ya yi maka adalci, sai ka rubuta ranar ka adana.

Sannan ka tuna inda zanenka zai ƙare: a wayar wani mai fasasshen gilashi, cikin Keke Napep, bayan an tura shi rukuni bakwai an guntule bayanin da ka rubuta a ƙarƙashinsa. Don haka komai ya zauna a jikin hoton. Kanun ya faɗi abin da aka gano, kamar “Kano ta fi Kaduna yawan jama'a”, a maimakon “Bayanai game da jama'a” da ka iya. Sunan kowace sanda ya zauna kusa da ita. A ƙasa ka rubuta inda ka samo adadin da shekararsa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ko Hukumar Ƙidaya. Kai kuwa wurin da ya kamata ka sa wannan sai ka cike shi da lambar wayarka da hotonka sanye da baƙin tabarau. Kada kuma ka dogara da ja da kore kaɗai, akwai bayin Allah da ba sa bambance su, galibinsu maza. Leƙa aikin BudgIT, da aka kafa a Legas a 2011, ka ga yadda suke mayar da kasafin kuɗi mai ɗaruruwan shafuka abin da mai shayi zai duba ya yi tsaki a inda ya dace.

Kada ka ji haushi, Sarkin Kala, hannunka na da kyau, kuma da ba a ƙaunarka da “ya yi kyau” kawai za a turo maka a wuce. Gwada sabon zanenka a kan Inna. In ta kalla ta gaya maka labarin kafin ka buɗe baki, ka ci jarrabawa. In ta ce “wannan atamfar nawa ce?”, koma aji.

Aikin gida kuma ga shi: kuɗin sharar da nake binka na shekarun nan, zana min su sanda-sanda, shekara bayan shekara, ka fara daga sifili. Kanun ni zan rubuta. Ina jiran martaninka, in ka samu wanda zai karanta maka wannan.