Jikokin Kanta da Lungun Ƙarƙashin Bene

Duk gidan da ke da bene a unguwarmu, ba sai ka tambaya ba, akwai wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala da muka mayar sito. Daga Gesse zuwa Badariya, daga Rafin Atiku har Gwadangaji, halinmu ɗaya ne. Magini ya gama matakala, ya ga wuri ya rage, ya liƙa masa 'yar ƙofa, shi ke nan. Mu kuma tun ranar tarewa muke tura masa kaya. Buhun shinkafa, jarkar manja, tsohuwar fanka da aka ce za a kai gyara, keken yaro da ya riga ya girma ya shiga sakandare, tabarmin da aka saya don suna, kwallaye da fantekun uwargida, takalmi wari guda, kwalin talabijin da babu talabijin a ciki. Abin da aka saka jiya shi ne a baki, abin da ake nema yau kuwa yana can ƙurya, inda sai an durƙusa.

Wannan maganar ta taso ne a majalisarmu bayan la'asar, a gindin dogon yaro da ke ƙofar masallaci, kuma ni ne silar ta. Ƙanena da ke noma a fadamar Argungu ya aiko mini da buhu uku na shinkafa bayan girbin rani. Na sa yara suka jera su a ƙarƙashin bene, a kan siminti, jingine da bango. Muka ci na farko lafiya. Damina ta sauka, ta yi nisa. Ranar da aka jawo na uku, gindinsa ya yi baƙi, shinkafar ta dunƙule ta yi fumfuna, wari kuwa har falo. Kusan rabin buhu muka zubar. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Na san yadda ƙanena ya kwana yana ba wa gonar nan ruwa da inji, na san kuɗin man da ya ƙona, na san yadda 'ya'yansa suka wuni suna korar tsuntsu a rana.

Da na ba da labari, wani maƙwabcina, tsohon ma'aikacin ma'aikatar gona da ya yi ritaya, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, kai Bakabe, jikan Kanta, a ce gidanka babu ko kanta guda ta ɗora kaya?" Aka yi dariya. Amma kafin a tashi, kusan kowa ya amsa nasa. Wannan ya ce gara ta cinye masa takardun filinsa a wurin. Wancan ya ce ɓera ya haihu a cikin bargon sanyinsa. Ladan ya ce su kam sun shekara biyu suna neman turmin ƙarfe, har suka sayi wani, sai ga shi a bayan buhunan gawayi.

A makon ne Inna ta zo daga Argungu ganin likitan ido. Ta ji labari wajen jikokinta, ta ce a buɗe mata wurin. Ta leƙa, ta sa tafin hannu ta dafa simintin, ta shafa bangon, ta shinshina. Sannan ta ce, "Wa ya gaya muku ana aje hatsi bisa ƙasa? Ko ruhewar ubanku kun taɓa ganin ta zaune ƙasa?"

Gaskiyarta. Na tuna rufewar gidanmu sarai. Ta laka ce, mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a sama, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji na shiga ƙarƙashinta su sha inuwa suna tsince gara. An yi mata hular ciyawa don ruwa. Ba a zuba mata hatsi sai ya bushe ƙayau. Inna kan ɗauki ƙwaya ta ciza, in ba ta ji ƙas ba, a mayar da shi shanya. Abin da malaman gona ke aunawa da na'ura su ce kada danshin shinkafa ya wuce kashi 14 cikin ɗari, ita da haƙori take auna shi. A ɗakinta kuwa babu abin da ke zube. Ƙwaryar nono tana cikin ragaya a rataye, inda kyanwa da tururuwa ba su kaiwa. Tufafin Sallah suna adaka. Randa tana kan kaskonta da yashi a ƙasa. Da daddare ba fitila, in ka ce ta ba ka allura, hannu kawai za ta miƙa.

To mu yaya aka yi muka bar wannan? Ni a ganina sauri ne. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo, aka yanka filaye, aka gina rukunin gidaje, masu hali suka fara ɗora bene. Muka fito daga gidajen da ke da tsakar gida mai faɗi, da rumbu da rufewa da zaure, muka shiga gidajen bulo da siminti da babu wanda ya zana musu wurin hatsi. Mai zanen gida ya yi falo, ya yi ɗakin baƙi, ya yi wurin mota, ya manta cewa mutumin Kebbi ba ya sayen shinkafa kwano-kwano in yana da hali. Buhu yake ajiyewa. Ko ma'aikacin gwamnati ne, yana da 'yar gona a fadama, ko yana da ɗan'uwa da ke aiko masa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Banki a nan Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015, ga kamfanin Labana a nan, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, shinkafa ta ƙara zama abin da kowane gida ke taɓawa. Buhunan nan dole su kwana wani wuri. Sai muka ba su ƙarƙashin bene, ba tare da mun ba wurin ko ɗaya daga cikin ladubban rufewa ba.

Kuma ƙasarmu ba ta yafe sakaci. Muna zaune ne a bakin fadamar Rima. Da damina danshi kan hau bango ta ƙasa, siminti ya yi gumi ko da ruwa bai shigo ba. Wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan, ya san ruwa ba ya sallama kafin ya shigo gida. Da bazara kuma, a watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40, lungun da ba iska ya koma tanda. Da hunturu ƙura. Wata uku-uku wurin yana canza hali, kayanmu na ciki suna sha.

Na kira wani kafinta da ke aiki kusa da babbar kasuwa. Kafin ya zo, Inna ta sa aka fitar da komai tsakar gida. Wannan shi ne aikin da ya fi wuya, kuma shi ne ya fi amfani. Sai da kayan suka baje a rana na ga yawansu. Aka share, aka wanke, aka bar ƙofa buɗe kwana biyu. Aka sami ramin ɓera a kusurwa aka toshe da siminti, aka ga hanyar gara ta hau bango kamar igiya aka kankare.

Kafintan ya zo da awonsa. Wurin dogo ne a baki, mutum na iya tsayawa, sannan rufin ya yi ta gangarowa har ya haɗe da ƙasa. Ya ce kuskuren mutane shi ne ƙofa ɗaya a gefen dogon, sai ƙuryar ta zama kabarin kaya. Da yake bangon gefen bulo ne kawai aka cike da shi, ba shi ke ɗauke da matakalar ba, ya kawo magini ya duba, aka buɗe wata 'yar ƙofa ta biyu a wajen gajeren. Nan ya yi akwati mai taya da ake jawowa waje gaba ɗaya, takalman yara da kayan gyara suka shiga ciki. A gefen dogon ya buga dandamalin katako, tsayinsa kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango don iska ta zagaya. Nan buhuna suke yanzu. A samansu kanta uku, kowace ta fi ta ƙasanta gajarta, suna bin gangaren matakala. Katakon duk sai da ya shafe shi da maganin gara, ya bushe a waje, kafin a shigo da shi. Ya yanke saman ƙofar ya sa ragar ƙarfe mai ƙananan ido, iska ta shiga, ɓera ya tsaya waje. Ni kuma na liƙa 'yar fitila mai caji a ciki, domin wurin da ba a gani ba a gyara shi.

Wake kuwa maƙwabcin nan nawa ya ce kada in sake in bar shi a buhun banza. Ya kawo mini buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, kowanne ana ɗaure bakinsa daban. Ƙwaro in ya rasa iska mutuwa yake, ba sai an zuba magani ba. Inna ta juya shi ta duba, ta ce ai wannan dabarar tsohuwa ce, su da toka da yashi suke cike tukunyar iri su liƙe bakinta da laka.

A nan ne maganar majalisa ta daina zama ta dariya, kuma ina so a ji ni da kyau. Akwai abin da ba ya shiga ƙarƙashin bene ko da wuri ya yi yawa. Yawancinmu nan muke tura jarkar fetur ta janareta, wasu har da tukunyar gas, alhali a gidaje da yawa a wannan lungun ne mai aikin wuta ya kafa akwatin wayoyin gidan. Tururin fetur a rufaffen wuri, ga zafin bazara, ga waya da ke iya tartsatsi in an kawo wuta da ƙarfi. Kuma matakalar nan ita kaɗai ce hanyar saukowar masu barci a sama, ga tagoginmu duk da ƙarfe. Haka ƙwayar maganin nan da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhun hatsi: iskar da take fitarwa guba ce, ta manyan sito ce da ba a kwana kusa, ba ta cikin gida ba inda yara ke wasan ɓuya. Ranar da na faɗi haka, ladan bai jira an yi magariba ba, ya tashi ya je ya fitar da jarkarsa. Tawa yanzu tana can bayan gida a inuwa, cikin ɗan keji mai kwaɗo.

Sai rigimar abin da za a mayar ciki da abin da za a rabu da shi. Uwargida ta ce kwallayenta na aure ba inda za su, kuma ta yi gaskiya. Duk bikin da aka yi a layinmu da su ake rabon tuwo. Suka hau kanta ta sama. Tabarmi aka naɗe aka ɗaure aka rataye a jikin bango, kusa da ƙofa, domin su ba namu ba ne mu kaɗai: suna, ɗaurin aure, zaman makoki, duk gidan da abu ya samu yaro ake aikowa. Keken nan aka ba ɗan mai gadi. Fankar da kwalayen mai gwangwan ya tafi da su.

Abu biyu ne na tsaya a kansu. Gorar kamun kifi ta mahaifina da homarsa. Gorar ta yi baƙi don tsufa, bakinta ya yi santsi saboda hannu, akwai wani tsagu a gefe da ya ɗinke da kansa. Da ita ya sha faɗawa kogin Matan Fada ranar gasar bikin kamun kifi na Argungu, cikin dubban masunta, ya kwanta a kanta tana ɗauke da shi, hannuwansa biyu riƙe da homa. Bikin nan tun 1934 ake yin sa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka tabbatar da zaman lafiya tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Ni na bar wannan gorar shekara da shekaru a ƙurya, buhun gawayi a kanta. Da na ɗago ta na ji kunya ƙwarai. Mutanen garinmu sun san darajar ajiya. Gidan da Sarki Yakubu Nabame ya gina a Argungu, wanda sarakunan Kabi suka zauna a ciki har 1942, ba a rushe shi ba; a 1958 aka mayar da shi gidan tarihi na Kanta, kuma har yau makamai da tambura da kayan su na kakanni suna nan ciki a jere, yara 'yan makaranta na zuwa kallo.

Kafinta ya buga mata ƙugiya a can sama, inda rufin ya fi tsayi, ya saƙa mata igiya irin ta ragaya. Homar aka wanke, aka shanya, aka naɗe a gefenta. Yanzu duk wanda ya buɗe ƙofar don ɗebo shinkafa, ita yake fara gani.

Labari ya zaga layi. Kafintan ya yi gida huɗu bayan nawa, kowa da irin tasa buƙata: wani wurin littattafan addini na mahaifinsa yake so, wata Hajiya kuma wurin buhunan ƙuli-ƙuli da man gyaɗar sana'arta. Tsohon ma'aikacin gonan nan da ya fara tsokanata, ashe shi ma nasa buhunan a kan siminti suke. Matarsa ce ta faɗa wa uwargida.

Ranar da Inna za ta koma Argungu, mota na jira a ƙofar gida, ta ce a dakata. Ta buɗe lungun, ta zura hannu ƙarƙashin dandamalin ta ji iska na wucewa, ta kwance bakin sabon buhun da ƙanena ya aiko, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza. Ta ɗaga kai ta dubi gorar, ta daɗe tana kallo. Sannan ta kira babbar jikarta ta ce, "Ke, tsohon buhu shi aka fara ci, sabo ya jira. In damana ta kama, duk Juma'a ki buɗe ƙohwar ga ta sha iska." Ta gyara lulluɓinta ta fita.