Risala a Kan Hukuncin Hawa Dandamali da Jita Mai Tsada

Mas'alar ita ce: makaɗin da Allah ya hore wa jita mai tsada, shin zai fita da ita wurin wasa a bainar jama'a, ko kuwa zai bar ta gida cikin akwatinta, ya tafi da ƙanwarta mai araha? Magabata ba su tattauna wannan ba, domin a zamaninsu mai kukuma idan ƙwaryarsa ta fashe, wata ƙwaryar yake nema. Saboda haka nauyin bayani ya faɗo kanmu.

Fasali na farko, ta'arifi. Ba da farashi ake gane jita mai tsada ba. Ita ce duk jitar da idan wani ya kusance ta riƙe da kwalbar lemo, mai ita zai manta baitin da yake rerawa. Hujjarmu B.B. King ne. A 1949, a garin Twist na jihar Arkansas a Amurka, wasu maza biyu suka kaure da faɗa a gidan rawa, suka ture durom ɗin kananzir da ake ɗumama ɗaki da shi, wuta ta tashi. Bayan ya tsira, sai ya koma cikin wutar ya ɗauko jitarsa ƙirar Gibson ta dala 30. Abin da mutum ya shiga gobara dominsa ya cika sharaɗin tsada, ko da dillali ya yi gardama.

Fasali na biyu, rabe-raben haɗari, kuma uku ne. (1) Haɗarin dandamali: gumi, ƙarfen bel da ke kankare bayan jita, da maɗaurin da ke kuɓucewa ba sallama. (2) Haɗarin zumunci, wato ɗan'uwan da ke cewa "ba ni in ɗan taɓa", alhali yanzu ya tashi daga kan tsire. (3) Haɗarin hanya, wanda shi ne mafi girma, ko da yake masu bincike sun tauye masa haƙƙi. Jitar Paul McCartney ƙirar Höfner, daga cikin mota aka sace ta a Landan a 1972, sai bayan shekara hamsin da ɗoriya ta koma hannunsa. Ta Peter Frampton kuwa, ƙirar Les Paul, tana cikin jirgin kaya da ya faɗi a Venezuela a 1980, kuma ta yi kimanin shekara talatin kafin ta dawo. A lura: babu ɗaya daga cikinsu da ta ɓace lokacin da ake kaɗa ta.

A nan masana suka rabu biyu, ma'abota akwati da ma'abota dandamali. Na farkon suna da shubuha biyu.

Idan aka ce: mahalarta ba sa bambance sautin jitar dala 300 da ta dala 30,000, musamman bayan lasifika da janareta sun sa baki. Sai mu ce: mun sallama. Amma makaɗin ya sani, mai ganga da ke bayansa ma ya sani domin an sha faɗa masa a mota, kuma shaidu biyu sun wadatar.

Idan aka ce: ƙarzuwa na rage daraja. Sai mu ce: wannan da'awa ce da kasuwa ta ƙaryata. Tun 1995 kamfanin Fender ke sayar da sababbin jitoci da aka kankare da gangan don su yi kama da tsofaffi, a kan kuɗin da ya fi na masu ƙyalli. Ashe tabon da ma'aikaci ya yi saye ake yi, wanda aka samo a gidan biki kuwa kyauta ne. Mai hankali ba ya gudun kyauta. Ƙari a kan haka, jitar Martin da Kurt Cobain ya kaɗa a shirin MTV a 1993 an yi gwanjonta a 2020 a kan sama da dala miliyan 6. Da a ƙarƙashin gado ya ajiye ta, da ba ta kai nan ba.

Tanbihi: wanda ya ƙudurta cinna wa jitarsa wuta, kamar yadda Jimi Hendrix ya yi a Monterey a 1967, ba ya cikin wannan bahasi. An fi so ya zo da mai araha.

Saura reshe guda, na masu kiɗan biki a Agadas da Yamai, inda ake wasa a fili, ƙura na shiga cikin na'ura, iskar hunturu kuma na busar da katako har ya tsage. Waɗannan an yi musu rangwame daga Disamba zuwa Fabrairu. Kuma kada su ji ƙasƙanci, domin makaɗi ɗan ƙasarsu Mdou Moctar da wayar birkin keke ya ɗaura tsirkiyar jitarsa ta farko, ga shi yau yana kiɗa a Turai da Amurka.

Hukunci: a fita da ita, bisa sharaɗi uku. Kada ta kwana a mota. Kada a jingine ta da lasifika a tafi gaisawa da ango. Wanda kuma ya nemi ya ɗan taɓa, a ba shi ta arahar, a ce masa ita ce mai tsadar.